Yadda Za Ka Ci Moriyar Jinyar Tattaunawa Idan Ka San Salon Shaƙuwarka

Mutum biyu za su iya fitowa daga unguwa ɗaya, a ce Aboabo ko Asawase, da damuwa iri ɗaya, rashin barci da faɗuwar gaba da kukan da ba a san dalilinsa ba, su je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi suka fi sani da Gee, a haɗa su da masanin halayyar ɗan Adam guda ɗaya, amma bayan wata uku ɗaya ya samu sauƙi, ɗayan kuwa tun daga zama na uku bai sake taka wurin ba. Abubuwa da yawa ne ke kawo haka, kuɗin mota da dogon layi da tsoron kada wani ɗan unguwa ya gan shi a ce ya taɓu duk suna ciki. Akwai kuma wani dalili da ba kasafai ake lura da shi ba, wato yadda mutum ya saba yi da na kusa da shi a lokacin da yake cikin matsi: ko ya nufe su ya faɗi abin da ke damunsa, ko ya manne musu yana fargabar kada su bar shi, ko kuma ya haɗiye abinsa ya ja gefe. Wannan shi ne abin da masana ke kira salon shaƙuwa, kuma ba a cire shi a bakin ƙofa yadda ake cire takalmi a ƙofar masallaci. Da shi mutum yake shiga ɗakin masanin, da shi kuma yake zama a kan kujera.

Jinyar tattaunawa, wadda a nan aka fi kira kansilin, ita ce zaman da ake yi da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako na minti 45 zuwa awa guda, ana warware damuwa da baƙin ciki mai tsanani da tsoro da matsalolin zaman aure ta hanyar magana da gwada sababbin ɗabi'u. Wani lokaci ita kaɗai ake yi, wani lokaci a haɗa ta da maganin da likita ya rubuta. Na yi amfani da “ka” don sauƙin rubutu, amma maganar ta shafi mata kamar yadda ta shafi maza.

Asalin wannan ilimi daga wani likitan ƙwaƙwalwa ne na Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan halin da yaran da aka raba da iyayensu suke shiga. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ce ta kawo hujjar gani da ido, kuma a Afirka ta fara: a 1954 da 1955 ta riƙa zuwa gidaje 26 a kewayen Kampala ta ƙasar Yuganda tana kallon yadda jarirai ke yi da uwayensu. Da ta koma Baltimo a Amurka sai ta tsara wani gwaji na kimanin minti 20, inda uwa za ta bar yaro ɗan shekara ɗaya a ɗakin da bai sani ba har sau biyu sannan ta dawo. Abin da aka fi dubawa shi ne abin da yaron ke yi idan ta dawo. Wani zai nufe ta, ta rarrashe shi ya yi shiru ya koma wasansa, wannan shi ne mai natsuwa. Wani zai ɗafe ta yana kuka yana kuma ture ta, rarrashi ya ƙi cinsa, wannan shi ne mai ƙulafuci. Wani kuwa zai kau da kai kamar bai damu ba, wannan shi ne mai ja da baya. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara kashi na huɗu, yaron da ke ruɗewa, ya taho wurin uwar ya daskare a hanya, domin wadda yake neman mafaka a wurinta ita ce kuma take ba shi tsoro. Kowace uwa a zango ta san ƙiwa da ƙulafuci tun kafin a ba su sunan boko. Abin da masana suka ƙara shi ne nuna cewa inuwar waɗannan halaye tana bin mutum har girma. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka gwada abin a kan manya da masoyansu a Amurka, suka samu kashi 56 cikin ɗari masu natsuwa, kashi 25 masu ja da baya, kashi 19 masu ƙulafuci.

Fara da sanin inda ka karkata

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka tuna lokuta uku na baya-bayan nan da ka shiga matsala ta gaske, rasuwa ko karayar jari ko rikicin gida, ka tambayi kanka abin da ka yi da mutanen da suka fi kusa da kai. Ba abin da ya kamata ka yi ake tambaya ba, abin da ka yi ɗin. Masu bincike tun daga 1998 suna auna manya a kan ma'auni biyu, da wata takardar tambayoyi 36 da Kelly Brennan da abokan aikinta suka tsara. Ma'auni na farko shi ne yawan fargabar a guje ka: idan ka kira mutum sau biyu bai ɗaga ba, shin zuciyarka takan ce yana kan babur ne, ko takan ce ya gaji da kai? Kakan sake karanta saƙon WhatsApp kana neman alamar fushi a ciki? Na biyu shi ne yawan ƙin dogaro da wani: idan aka ce maka “me ke damunka?” shin “babu komai” ne ke riga tunaninka fitowa? Kakan ji nauyi, har ma da ɗan haushi, idan wani ya nuna ya damu da kai sosai? Wanda duka biyun suka yi ƙasa a wurinsa shi ne mai natsuwa. Wanda na farko ya yi yawa shi ne mai ƙulafuci, wanda na biyu ya yi yawa shi ne mai ja da baya, mai zurfin ciki. Wanda duka biyun suka yi yawa yana son kusanci yana kuma tsoronsa, kuma sau da yawa akwai wata cutarwa a tarihinsa.

Waɗannan ma'aunai ne masu hawa da sauka, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da yake cuta. Mutum kan iya zama mai natsuwa da yayarsa amma mai ƙulafuci da mijinta ko matarsa. Gwaje-gwajen tambaya goma da ke yawo a Facebook ba su isa a yanke wa mutum hukunci da su ba, kuma ina ganin ɓarnarsu ta fi amfaninsu yawa a lokacin da ma'aurata suka mayar da su sandar dukan juna.

A nan dole a tsaya a yi wata magana, domin mafi yawan waɗannan ma'aunai a Amurka da Turai aka ƙera su, a gidajen da uwa ɗaya da uba ɗaya ke renon yara biyu. Yaron zango a hannu da yawa yake tashi: uwa da kaka da goggo da abokiyar zaman uwa da yayyen da ke goya shi. Akwai yaye, inda ake kai yaro wurin kaka, akwai riƙo, akwai kuma kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Masanin da bai san mu ba zai iya jin wannan ya rubuta cewa an yi watsi da kai tun kana ƙarami. Binciken da aka yi a kanmu bai ce haka ba. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka wallafa abin da suka gani a jarirai 18 na Hausawa a arewacin Najeriya: kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma yana da guda ɗaya da ya fi nufa idan ya tsorata, galibi wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, lokacin da kake yaro, idan ka ji ciwo ko tsoro, akwai wanda kake gudu wurinsa ya karɓe ka? Riƙon da aka yi da ƙauna yana ba da natsuwa. Riƙon da aka mayar da yarinya 'yar talla da wanke-wanke, ana nuna mata bambanci da 'ya'yan gida, yana barin tabo, kuma ita ce ta san wanne ta gani. Haka nan kunya da kara da kawaici tarbiyya ce, ba ja da baya ba. Bambancin shi ne mai kunya yana da wani wuri, ko da mutum ɗaya ne, inda yake sauke kayansa. Mai ja da baya ba shi da kowa, kuma ya shawo kan kansa cewa ba ya buƙata. Idan masanin ya fahimci al'adarka a karkace, ka gyara masa a take, wannan haƙƙinka ne.

To me bincike ya nuna game da sakamakon jinya? Kenneth Levy na jami'ar jihar Pensilbaniya da abokan aikinsa sun tattara bincike 14 da suka ƙunshi majinyata 1,467 a 2011, suka ga masu natsuwa sun fi samun sauƙi, masu ƙulafuci sun fi samun ƙarancinsa, masu ja da baya kuwa ba a ga wata alaƙa bayyananniya tsakanin halinsu da sakamakon ƙarshe ba. A 2018 suka faɗaɗa aikin zuwa bincike 36 da majinyata 3,158, suka sake samun cewa natsuwa tun daga farko tana tafiya da kyakkyawan sakamako. Sun kuma samu abu biyu da suka fi wannan amfani ga mai karatu: salon shaƙuwa kansa yana sauyawa a cikin jinya, kuma waɗanda natsuwarsu ta ƙaru su ne alamomin ciwonsu suka fi raguwa, sannan akwai alamar cewa marasa natsuwa sun fi amfana da jinyar da ke mayar da hankali kan mu'amala da dangantaka ta kusa. Tazarar da ke tsakanin rukunonin ba mai faɗi ba ce. Masu ƙulafuci da masu ja da baya da yawa suna warkewa sarai, wasu masu natsuwa kuma ba sa samun abin da suke nema. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma a wannan fage dai alƙaluma sun nuna zanen yana gogewa, sannu a hankali.

Hanyar da salon shaƙuwa ke bi ya taɓa sakamako ita ce dangantakarka da masanin. Edward Bordin ya fayyace ta a 1979 da cewa ƙafa uku take da su, kamar murhu: ku yarda a kan inda aka dosa, ku yarda a kan aikin da za a yi don a kai can, sannan a samu aminci tsakaninku. Wani babban nazari na 2018 da ya haɗa bincike 295 da majinyata fiye da 30,000 ya nuna ƙarfin wannan dangantaka yana bayyana kusan kashi 8 cikin ɗari na bambancin sakamako, wanda a wannan fanni adadi ne mai nauyi. Ƙulafuci da ja da baya duka an same su suna tafiya da raunin wannan dangantaka. Ke nan aikin da ke gabanka shi ne kare ta daga halinka.

Wurin wa za ka je, kuma me za ka faɗa masa

Ka tabbata ƙwararre ne. Dokar da ta kafa majalisar kula da masana halayyar ɗan Adam ta Gana, doka mai lamba 857 ta 2013, ta wajabta musu rajista da lasisi, kuma babu rashin ladabi a cikin tambayar mutum lasisinsa. Ban da Gee, asibitocin gwamnati da dama suna da ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa da za su iya tura ka inda ya dace, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar kuwa duk suna kudu, biyu a yankin Akra, wato na cikin gari da na Pantang, ɗaya a Ankaful kusa da Kef Kos. Hukumar inshorar lafiya ta sanar da shigar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu cikin tsarinta daga Nuwamban 2024, cikinsu har da baƙin ciki mai tsanani da ciwon fargaba, don haka ka tafi da katinka ka tambayi abin da yake ɗauka a wurin da ka je. Maganar harshe ma ba ƙarama ba ce. A Kumasi da Turanci ko Tuwi za a fi yi maka magana, kuma mutum kan iya cinikin dubban sidi da Tuwi a kasuwar Kejetia amma ya kasa faɗin abin da ke cin ransa sai da Hausa. Ka nemi mai jin Hausa idan akwai. Idan sai da tafinta, kada ya zama mijinki ko ƙanin miji ko ɗanka, domin abin da ya kawo ka sau da yawa su ya shafa.

A zaman farko ko na biyu ka faɗa wa masanin halinka da bakinka. Ba sai ka kawo sunayen boko ba. Ya isa mace ta ce, “Dokta, ni idan na saba da mutum ina yawan tsoron zai gaji da ni, kuma na san zan fara jin haka game da ke.” Namiji kuma ya ce, “Madam, ni ban saba faɗin cikina ba, idan kika ga na ce komai lafiya, ki sake tambayata.” Wannan jimla ɗaya tana rage makonnin da masanin zai ɓata yana lalube. Ka ba shi zama uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci a kansa, sannan ka tambayi kanka ko yana saurare, ko yana girmama addininka da gidanku, ko kun yarda a kan abin da ake nema.

Idan kai mai ƙulafuci ne, farkon jinya zai yi maka daɗi, domin ka samu wanda zai saurare ka awa guda ba tare da ya katse ka ba, kuma magana ba ta yi maka wuya. Haɗarin yana zuwa daga baya. Za ka ga kowane mako kana zuwa da sabuwar gobara, abin da kishiya ta faɗa, wayar da ba a ɗaga ba, har lokaci ya ƙare ba a taɓa tushen matsalar ba. Za ka so kiran masanin tsakanin zama da zama, idan ya yi tafiya ko ya ɗaga rana ka ji kamar ya yar da kai, wani lokaci ma samun sauƙi kansa ya ba ka tsoro, domin warkewa na nufin rabuwa da shi. Maganin wannan tsari ne. Ku yi yarjejeniya tun farko kan ko za a iya kira ko aika saƙo, da yaushe, da kuma wanda za ka nema idan abu ya yi tsanani da dare. Kafin kowane zama ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da kake so a yi aiki a kansu. Idan wani abu ya tayar maka da hankali ranar Talata alhali zamanku Alhamis ne, ka rubuta shi ko ka naɗi muryarka a waya, ka jira, ranar zaman ka duba ko har yanzu nauyinsa na nan yadda yake. Wannan jira shi kansa magani ne, domin yana koya wa zuciya cewa mutum na iya yin nisa ba tare da ya ɓace ba. Idan masanin ya riƙe iyakar da kuka shata, kada ka ɗauka ƙi ne, aikinsa yake yi.

Mai ja da baya shi ne na fi ji wa, domin al'adarmu tana yaba masa a kan abin da ke cutar da shi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an ce namiji ba ya kuka, shi kuma ya riƙe waɗannan ya mayar da su katanga. Yawanci ba da ƙafarsa yake zuwa ba; ciwon kai ko hawan jini ko rashin barci ne ke kai shi asibiti a tura shi, ko kuma matarsa ta kai ƙara wurin manya. Mary Dozier ta nuna tun 1990 cewa masu wannan hali sun fi ƙin taimakon da aka miƙo musu, sun kuma fi ƙarancin faɗin abin da ke ransu. A ɗakin jinya za ka same shi da ladabi, yana amsa tambaya a taƙaice, yana cewa iyayensa mutanen kirki ne ƙwarai, amma idan aka ce ya kawo misali ɗaya na ranar da aka rarrashe shi sai ya ce ya manta. Bayan zaman da aka taɓa wani wuri mai zafi, sai kasuwa ta yi masa yawa, ko tafiya Tamale ta taso, ya daina zuwa ba tare da sallama ba. Wani nazari na 2012 da ya haɗa bincike 669 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin jinya kafin a gama.

Idan ka ga kanka a wannan hoto, ka ɗaure kanka da alkawarin adadi: zama shida, alal misali, ko da me ka ji, sannan a zauna a duba. Ka fara da abin da kake iya faɗa, wato jiki, domin wanda ba zai ce “ina jin tsoro” ba zai iya cewa “ƙirjina ya yi nauyi da aka ambaci mahaifina,” kuma masani nagari ya san abin da zai yi da wannan. A kowane zama ka faɗi abu ɗaya da ka yi niyyar ɓoyewa, ko da ƙarami ne. Ranar da ka ji ba ka son komawa, ka duba abin da aka tattauna a zaman da ya wuce, yawanci a can dalilin yake, kuma wannan rana ce ta fi cancanta ka je. Idan tsoronka shi ne maganar ta fita, ka tambayi masanin kai tsaye wa ke ganin fayil ɗinka. Riƙe sirri wajibi ne a aikinsa, sai fa inda rai ke cikin haɗari, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 mai lamba 846 ma ta kare sirrin majinyaci. Za ka iya kuma neman jinya mai tsari, wadda ake gyaran tunani da ɗabi'a da aikin gida a cikinta, da ake taƙaita sunanta da CBT. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 2006 kan masu baƙin ciki mai tsanani ya nuna masu ja da baya sun fi samun sauƙi da ita fiye da jinyar da ta ta'allaƙa kan dangantaka. Gwaji ɗaya ne kuma ƙarami, amma ya yi daidai da hankali: mutumin da kusanci ke firgita shi ya fi sakin jiki idan aka fara da aiki a kan takarda.

Wanda ya haɗa tsoro biyun, musamman wanda aka daka ko aka ci zarafinsa yana yaro, yana buƙatar tafiya a hankali fiye da kowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ka yarda a sa ka kwance dukan labarin a zaman farko. Ka nemi wanda ya ƙware a jinyar firgici, a fara da koya maka yadda za ka kwantar da jikinka, kuma ka sa ran jinyar za ta ɗauki lokaci mai tsawo. Idan tunanin kashe kai ya zo, ba a jiran ranar zama: a kira 112 ko a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka tsoron 'yan sanda bai kamata ya hana iyali kai mutum asibiti ba.

Idan an saɓa

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma za ku saɓa da masanin. Zai duba agogo a lokacin da kake tsakiyar magana mai nauyi, ko ya manta sunan ɗanka, ko ya faɗi wani abu game da auren mace fiye da ɗaya da zai nuna maka bai fahimci gidanku ba. Jeremy Safran da Christopher Muran, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan, sun ce majinyaci yakan amsa ta hanya biyu, ko ya janye ya koma “to, to” a baki alhali zuciya ta tafi, ko ya fito da faɗa. A wurinmu na farkon ya fi yawa, domin an hore mu kada mu musa wa likita ko malami. Nazarin da suka yi da Catherine Eubanks a 2018 a kan bincike 11 ya nuna cewa inda aka gyara irin wannan saɓani, sakamakon jinyar ya fi kyau. Dalilin a fili yake: mutumin da ya tashi da sanin cewa nuna ɓacin rai na jawo duka ko kora, yau ya nuna, aka saurare shi, aka ba shi haƙuri, kuma mako mai zuwa kujerarsa na nan. Don haka ka faɗa, cikin ladabi: “Dokta, maganar da ka yi makon jiya ta tsaya mini a rai.” Yadda ya karɓi wannan shi zai nuna maka ko wane ne. Idan ya tsaya ya saurara, ka samu na ƙwarai. Idan ya riƙa kare kansa ko ya mayar da laifin kanka sau da yawa, ka nemi a sauya maka wani, domin masana ma suna da nasu salon shaƙuwar, kuma ba kowane ne ya yi aiki a kan nasa ba. Wanda ya nemi wata alaƙa da kai a wajen aiki, ta soyayya ko ta kuɗi, ka bar shi nan take ka kai ƙara majalisar da ta ba shi lasisi.

Kada ka auna ci gaba da yawan daɗin da kake ji a ɗakin. Ka auna shi a gida da kasuwa: barci, cin abinci, komawa sana'a, da kuma ko ka iya gaya wa matarka ko yayarka abu ɗaya da da ba za ka faɗa ba, ko ka iya barin waya ta yi awa uku ba amsa ba tare da ka kira sau goma ba. Bowlby ya kwatanta aikin masanin da na uwar da yaro ke rarrafe ya yi nisa da ita, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. Amfanin zamanta shi ne yaron ya tafi. Duk bayan zama huɗu ko shida ku duba tare ko ana matsawa. Addu'a da zuwa wurin malamin da ka amince da shi ba sa karo da wannan aiki, sai dai kada a dakatar da maganin likita ba da saninsa ba.

Rabuwa da masanin ita ma sai an shirya mata, domin a nan tsohon hali yake dawowa da ƙarfinsa. Mai ƙulafuci zai ga alamomin ciwon sun taso ana saura mako biyu a gama, mai ja da baya kuma zai so tsallake zaman ƙarshe ya aika saƙon godiya ta waya. Ku sa ranar gamawa tun da sauran zama uku ko huɗu, a riƙa buɗa tazara daga mako ɗaya zuwa biyu zuwa wata guda. A zaman ƙarshe ku rubuta alamomin da za su nuna maka ciwon na neman dawowa, da abin da za ka yi a makon farko idan ka gan su, da sunayen mutum biyu a cikin dangi ko abokai da za ka gaya wa, sannan ka tambayi yadda ake sake yin rajista idan buƙata ta taso bayan wata shida ko shekara.